Karatun hoton asibiti: Yadda ake shiga da yadda ake fita da lasisi

 A wannan makon zan ɗan ajiye maganar ƙwayoyi da allurai, in taɓo wani batu da ya shafi makomar 'ya'yanmu, wanda kuma ya shafi lafiyar kowannenmu.

Shekara uku da suka wuce, a makon da sakamakon JAMB ya fito, wata maƙwabciyarmu ta shigo kantin maganin da nake aiki a Kubwa, 'yarta na biye da ita. Ba magani suka zo saya ba. Karo na uku ke nan yarinyar tana rubuta jarrabawar, kuma duk karo ukun likitanci ta cike. Makinta ba laifi, da wani kwas ɗin ta nema da tuni ta yi nisa, amma bai kai na likitanci ba. Ƙawayenta na sakandare suna shirin shiga aji uku a jami'a, ita kuwa tana gida daga shara sai wanke-wanke.

Uwar ta ce, "Ƙanwata, ki taya ni yi mata faɗa. Wai ita yanzu karatun hoton asibiti take so. Aikin da aka ce yana ƙona mahaifa? Kuma in ban da abinta, a yi shekara biyar a jami'a don a koyi danna maɓalli?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, wallahi na gaji da zaman gida."

Abu biyu Hajiya ta faɗa, kuma su nake yawan ji a bakin iyaye a nan Abuja: raina aikin da kuma tsoronsa. Saboda waɗannan biyun, yara masu ƙoƙari suna ɓata shekaru a layin likitanci, alhali ga wata ƙofa a gefe wadda asibitocinmu ke matuƙar buƙatar masu shiga ta. Sai dai ita ma ƙofar tana da ƙa'idojinta, kuma wanda bai san su ba yana iya yin asarar kuɗi da lokaci. Shi ya sa na ga ya dace mu bi hanyar tare, daga farko har ƙarshe.

Wane ne ma'aikacin hoto?

Idan likita ya rubuta maka takarda ya ce ka je ka yo hoton ƙirji, ko na ƙashin da ya karye, mutumin da zai karɓe ka a ɗakin hoto, ya daidaita tsayuwarka, ya ce ka ja numfashi ka riƙe, shi ne ake kira rediyografa, karatunsa kuma rediyografi. Ba shi ne likitan da ke fassara hoton ya rubuta rahoto ba. Wannan shi ne rediyolojis, wanda sai ya gama likitanci sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa. Mutane kan haɗa su biyun, amma hanyar karatunsu daban ce.

Sana'ar ta samo asali ne daga ranar 8 ga Nuwamba, 1895, lokacin da wani masanin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano wani haske da ido ba ya gani amma yana ratsa nama ya nuna ƙashi. Shi ne muke kira eksire. Wannan binciken ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin Fiziks a 1901, kuma har yau ranar 8 ga Nuwamba ce ranar ma'aikatan hoton asibiti ta duniya.

Daga wancan lokacin aikin ya faɗaɗa ƙwarai. A 1971 aka fara gwada na'urar CT a kan majinyaci a Landan, na'urar da ke nuna cikin jiki yanki-yanki kamar an yanka burodi. Akwai MRI mai aiki da maganaɗisu. Akwai sikanin da kowace mai juna biyu ta sani, wanda ke aiki da sauti. Akwai hoton mama na gano cutar daji tun tana ƙarama. Akwai kuma gashin cutar daji da haske, irin wanda ake yi a Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja. A duk waɗannan wuraren za ka tarar da rediyografa.

Batun "danna maɓalli" kuwa, bari in ba da misali daga ɓangaren da na fi sani, wato magani. Kafin a yi wa wasu majinyata CT, akan saka musu wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiya domin hoton ya fito sosai. Wannan ruwan magani ne, kuma kamar kowane magani yana da sharuɗɗa. Dole a tambayi majinyaci ko ya taɓa samun matsala da irinsa, a duba lafiyar ƙodarsa, a ji ko yana shan maganin sukari na metformin, domin idan ƙodar ta yi rauni likita kan sa a dakatar da shi na kwana biyu. Ma'aikacin hoto na cikin waɗanda ke tsaye a kan wannan tantancewar, kuma shi ne a gaban majinyaci idan jikinsa ya fara ƙaiƙayi ko numfashinsa ya sarƙe. A ɗakin MRI kuma maganaɗisun a kunne yake dare da rana, yana iya fizgar tukunyar iskar oksijin ko almakashi daga nesa. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ko ɓarɓashin ƙarfe a ido, idan aka shigar da shi ba tare da bincike ba, ana iya yin ɓarna babba. Wanda aka ɗora wa wannan nauyin ba ɗan danna maɓalli ba ne.

Maganar hana haihuwa

Tsoron Hajiya ba daga sama ya faɗo ba. A shekarun farko, kafin a san illar hasken, ma'aikata da yawa sun ƙone a hannu, wasu sun kamu da cutar daji. Marie Curie, wadda ta shirya motocin ɗaukar hoton eksire don duba sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta rasu a 1934 da ciwon jini da ake dangantawa da daɗewar da ta yi tana aiki da irin wannan haske. Daga irin waɗannan darussa aka kafa dokokin kariya da ake bi a yau.

Ana auna adadin hasken da ya shiga jikin mutum da ma'aunin da ake kira milisibat. Ko ba ka taɓa shiga asibiti ba, kana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce kimanin 0.1 ga majinyacin ba, wato kwatankwacin abin da zai samu a zaman mako biyu a gidansa. Ƙa'idar duniya ta ce kada abin da ma'aikacin hoto zai samu ta dalilin aikinsa ya wuce 20 a shekara, idan aka raba a kan shekara biyar. Shi kuwa adadin da ke lalata ƙwayayen haihuwar mace gaba ɗaya, ya kai kimanin 3,000 a lokaci guda. Mai karatu ya dubi tazarar da ke tsakanin 20 da 3,000.

Yadda ake kare ma'aikaci abu uku ne: taƙaita lokaci, ba da tazara, da shinge. Idan ka ninka nisanka da na'urar sau biyu, hasken da zai iso gare ka ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'aikaci yana tsayawa ne a bayan bango ko gilashi mai dalma lokacin ɗaukar hoto, idan kuma dole ya tsaya kusa sai ya sa rigar dalma. Yana kuma maƙala wani ɗan bajo a ƙirjinsa da ke tara lissafin hasken da ya same shi, ana kai shi awo lokaci-lokaci. Mace idan ta samu ciki, da zarar ta sanar, ƙa'ida ita ce a tsara mata aiki yadda abin da zai kai ga ɗan tayin ba zai wuce milisibat 1 ba har ta haihu. Sikanin da MRI kuwa ba sa amfani da wannan hasken ko kaɗan. A Najeriya, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001 kuma hedikwatarta ke Abuja, ita ke da alhakin ba da izini da sa ido a kan wuraren da ke amfani da waɗannan na'urori.

Ba zan ce babu haɗari ko ƙanƙani ba. Duk ƙarin hasken da ya shiga jiki ana ɗaukar sa da muhimmanci, shi ya sa ake awon. Amma inda haɗarin ya fi yawa shi ne irin ɗakunan hoton bayan layi, inda babu bangon dalma, babu bajo, kuma wanda ke riƙe da na'urar bai taɓa zama a aji an koya masa ba. Karatun da Hajiya ke gudu, shi ne ke koya wa mutum yadda zai kare kansa da majinyacinsa.

Tun daga sakandare ake shiri

Yaron da ke son wannan fanni sai ya kasance ɗan ajin kimiyya. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wasu jami'o'in suna karɓar sakamakon zama biyu, wasu kuma sai na zama ɗaya, don haka a duba sharaɗin jami'ar da ake so tun kafin a cike fom. A jarrabawar JAMB kuma darussa huɗu ne: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ba a yin rajista sai da lambar NIN, kuma ya kamata iyaye su tabbatar sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a NIN da takardar WAEC. Na ga yaran da harafi ɗaya a suna ya sa su zarya tsakanin ofisoshi na watanni.

Ina jan hankali a kan Fiziks. Yara da yawa masu son aikin lafiya Bayoloji suke so, suna lallaɓa Fiziks ne kawai don su tsallake. A rediyografi Fiziks ba ya ƙarewa a ajin farko, yana tare da ɗalibi har ya gama. Wanda yake ƙin sa da gaske, gara ya sake tunani.

A Arewa, daga cikin jami'o'in gwamnatin tarayya da ke koyar da wannan kwas akwai Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Kudu akwai Jami'ar Najeriya reshen Inugu, Jami'ar Kalaba, Jami'ar Nnamdi Azikiwe da Jami'ar Legas. Wannan na nufin iyalan Abuja da dama su shirya wa tura yaro wani gari, da abin da hakan ke ɗauke da shi na masauki da kuɗin mota.

Ga wani abu da mazauna Abuja kan manta. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancantar maki, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Jihar asali da yaro ya cike ake dubawa, ba unguwar da ya girma ba. Ɗan asalin Katsina da aka haifa a Gwarimpa, ya san cewa Katsina ce za ta yi masa aiki a wannan lissafin, sai ya zaɓi jami'a da wannan a ransa.

Kada kuma a ɗauka cewa rediyografi wurin fakewa ne ga wanda ya faɗi. Gurabensa kaɗan ne, domin ana ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, kuma makin da ake yankewa yana da tsawo, yana kuma sauyawa shekara-shekara. Wanda ya sa shi a zaɓin farko tun da wuri ya fi wanda ya garzayo bayan an gama rabon likitanci dama. Idan an riga an cike wani kwas, JAMB tana ba da damar canjawa a cibiyoyinta, amma a yi shi kafin jami'ar ta rufe tantancewarta ta bayan JAMB. Masu sakamakon IJMB ko makamancinsa kuma suna iya neman shiga aji biyu kai tsaye.

Kafin a biya ko sisi

Nan ne wurin da nake roƙon iyaye su fi natsuwa. Akwai tambayoyi uku da ya kamata a samu amsarsu kafin kuɗi ya fita daga aljihu.

Ta farko: gurbin ya fito a CAPS? Tun 2017 JAMB ke gudanar da ɗaukar ɗalibai ta wannan manhajar. Yaro zai ɗora sakamakonsa na sakandare, idan an ba shi gurbi ya gani a shafinsa, ya amsa, ya fitar da takarda. Duk gurbin da aka ce an samo ta hannun wani, ba ya CAPS, matsala ce ake ajiyewa sai ranar tafiya bautar ƙasa ta tashi. Hedikwatar JAMB tana nan Bwari, ba mu da uzurin rashin tambaya.

Ta biyu: Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda ofishinta ke Maitama, ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar?

Ta uku, wadda aka fi mantawa: Hukumar Rajistar Ma'aikatan Hoton Asibiti ta Najeriya, RRBN, ta tantance sashen? An kafa wannan hukumar da doka mai lamba 42 ta 1987, kuma ita ce ke ba da lasisin aiki. Amincewar NUC daban, tata daban. Jami'a na iya zama sananniya, gininta na ƙyalli, amma sashen rediyografinta bai samu tantancewar RRBN ba. Ɗalibin da ya gama a irin wannan wurin yana da digiri a hannu, amma ba shi da hurumin taɓa majinyaci. Matsayin tantancewa yana canjawa, saboda haka ko jami'o'in da na lissafa a sama, a nemi tabbaci daga hukumar a shekarar da za a shiga.

Na san wani yaro da mahaifinsa ya sayar da fili ya kai shi wata makaranta mai zaman kanta, saboda an nuna musu hotunan na'urori a takardar talla. Sai a shekara ta uku suka gane sashen bai da tantancewa. Ya dawo ya sake zama JAMB tare da ƙanensa. Tambaya ɗaya da aka yi tun farko da ta tsare filin.

Haka kuma a bambance digiri da gajerun kwasa-kwasan da wasu kwalejojin kimiyyar lafiya ke yi na mataimakan ɗakin hoto. Suna da amfaninsu, kuma hanya ce ga wanda halinsa bai kai na jami'a ba, amma takardarsu da matsayinsu a wurin aiki ba ɗaya ba ne da na mai digiri. A san abin da ake saya kafin a biya.

Shekara biyar ɗin

Ajin farko maimaicin kimiyya ne mai zurfi: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji da Lissafi. Yara kan raina shi saboda sun ga kamar sun san komai, alhali shi ne matacin farko, domin wanda bai kai makin da sashe ya gindaya ba ana iya mayar da shi wani kwas. A aji biyu ake shiga ilimin sassan jiki da yadda suke aiki. Nan ɗalibi zai haddace kowane ƙashi da lanƙwasarsa, domin wanda bai san yadda lafiyayyen gwiwa yake ba, ba zai san ya ɗauko shi a karkace ba.

Daga aji uku ake shiga ainihin sana'ar: yadda ake kwantar da majinyaci ko tsayar da shi ga kowane irin hoto, yadda na'urori ke aiki, illar haske a jikin ɗan Adam da hanyoyin kariya, alamomin cututtuka a hoto, magungunan da ake amfani da su a ɗakin hoto, da kula da majinyaci. A nan ne kuma ake fara zuwa asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ga 'yan Bayero, ko na Shika ga 'yan Zariya. Ɗalibi yana da littafin da ake sa masa hannu a kan kowane aiki da ya gani ko ya yi. Aji huɗu da biyar ana zurfafawa a CT, MRI, sikanin da gashin cutar daji, a rufe da rubuta kundin bincike.

Abubuwa uku na ga suna kayar da ɗalibai a irin waɗannan kwasa-kwasan lafiya, kuma mu ma da muka karanta haɗa magunguna mun gan su. Na farko tara darussan da aka faɗi, har su hana mutum wucewa aji na gaba. Na biyu wasa da zuwa asibiti, a bar aboki ya riƙa sa hannu. Ranar jarrabawar gwaji, idan aka kawo majinyaci aka ce ɗauko mana hoton kafaɗarsa, babu abokin da zai taimaka. Na uku sakaci da rajistar ɗalibai da RRBN ke yi tun suna makaranta. Iyaye su tambayi yaro ko an shigar da sunansa, su kuma tanadi kuɗin, domin sai da ita ake zama jarrabawar ƙwarewa ta hukumar.

A kuma sa a rai cewa shekara biyar a takarda take. Waɗanda yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya rutsa da su sun san haka. Yaron da ya ga abokansa na wasu kwasa-kwasan sun gama a shekara huɗu yana buƙatar a riƙa ƙarfafa masa gwiwa daga gida, ba gori ba.

Bayan digiri

Karɓar digiri ba shi ne ƙarshe ba. Hukumar za ta rantsar da waɗanda suka ci jarrabawarta, ta ba su lasisin wucin gadi. Da shi za a nemi gurbin horon aiki na shekara ɗaya a asibitin da aka amince da shi, inda mutum zai yi aiki a ƙarƙashin manya kuma ana biyan sa. Bayan nan sai cikakkiyar rajista, sai bautar ƙasa ga wanda bai haura shekara 30 ba lokacin da ya gama. Lasisin kuma ana sabunta shi duk shekara. Idan aka haɗa, daga shiga jami'a zuwa tsayawa da ƙafa, shekara bakwai ce idan komai ya tafi daidai.

Gurbin horon aikin nan yana wahalar samu, kamar yadda yake a sauran fannonin lafiya. Shawarata ga 'yan Abuja ita ce kada su kafe sai a Abuja. Wanda ya samu a Gusau ko Birnin Kudu ya tafi ya yi shekararsa ya dawo, ya fi wanda ya zauna shekara biyu yana jiran kusa da gida.

Wurin aiki kuwa, a babban birnin nan kaɗai akwai Babban Asibitin Ƙasa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi, asibitocin gwamnati na Asokoro, Maitama, Wuse, Kubwa da Nyanya, ga asibitoci da cibiyoyin gwaji masu zaman kansu. Wasu kan koma koyarwa, wasu su shiga kamfanonin da ke sayar da na'urorin. Da yawa kuma suna ficewa Ingila da ƙasashen Larabawa, abin da ke ƙara giɓin da ake da shi a gida. Ba zan yi wa kowa alƙawarin aiki na jiran sa a bakin ƙofa ba, arziki na Allah ne, amma sana'a ce da ake nema.

Game da kuɗi, ban da na makaranta akwai na masauki, littattafai, farar riga, zirga-zirgar asibiti, rajistar hukuma da na rantsarwa. Tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu kuɗin ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Mai buƙata ya nema da kansa ta shafin asusun, kada ya ba kowa ko kwabo don a yi masa hanya.

'Ya'yanmu mata

Sau da yawa mace kan zo wurina da takardar hoton mama ko ta hoton mahaifa da likita ya rubuta mata tun watanni, ta naɗe ta a jaka. Idan na tambaye ta dalili sai ta ce, "Na je, namiji na tarar." Wata ma maigidan ne ya ce ba za ta koma ba. Ƙullutun da ake iya cirewa yana ɗan ƙarami, sai ya girma a cikin wannan jinkirin. Muna ƙorafin babu mata a ɗakin hoto, kuma mu ne ke hana 'ya'yanmu mata karatun saboda jita-jita. Matar da muke so mu tarar a can, daga gidan wani za ta fito.

Amma ba kowane yaro ne ya dace ba, mace ko namiji. Aikin yana buƙatar mai haƙuri da tsoho da ba ya ji sosai, da yaron da ke kuka ya ƙi tsayawa, da wanda aka kwaso daga haɗarin mota cikin jini da tsakar dare. Akwai kwanan asibiti, akwai tsayuwa, akwai ɗaga majinyaci, akwai riƙe sirri. Kafin a cike fom, a nemi izini a kai yaro sashen hoto na wani asibiti ya ga aikin, ya yi magana da mai yin sa. Wuni ɗaya a can zai nuna masa abin da shawarar dangi ba za ta nuna ba.

Abin da muka yi da 'yar maƙwabciyata ke nan. Wata abokiyar aikina, rediyografa mai 'ya'ya huɗu, ta karɓe su ita da mahaifiyarta, ta nuna musu bangon dalma da bajon da ke ƙirjinta. Hajiya ba ta ce komai ba sai da muka fito, sannan ta tambaye ni, "Yaran nan huɗu duk nata ne?" Na ce nata ne, kuma tana wannan aikin ta haife su. Alhaji ya fi wuyar shawowa, shi burinsa a kira 'yarsa Dakta. Sai da yarinyar ta zauna ta lissafa masa shekarun da suka wuce da waɗanda za su iya wucewa, sannan ya ce Allah Ya sa albarka.

Ta canja kwas, ta samu gurbi a wata jami'ar tarayya a Arewa, bayan mun tabbatar da matsayin sashen. Yanzu tana aji uku. Da hutun da ya wuce ta leƙo kanti tana ƙorafin Fiziks, ta rame kaɗan, sai kuma ta karɓi hoton ƙirjin da wani dattijo ya zo da shi, ta ɗaga shi sama ta ce, "Anti, wannan ba a sa Baba ya ja numfashi sosai ba." Sauran shekara biyu, da horon aiki, da bautar ƙasa. Muna yi mata addu'a.

Iyayen da ke da yara a ajin ƙarshe na sakandare, yanzu ne lokacin zama da su, tun kafin a fara sayar da fom. Masu tambaya a kan wannan batu ko wani fannin karatun lafiya su aiko, za mu amsa gwargwadon iko. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi wa zuri'armu albarka.